Fashin Baƙi: Me Ya Sa Ake Fente Ƙaramar Tankar Yaƙi Tsaf, Sannan A Ɓata Ta Da Tsatsa Da Ƙura?

A ƴan watannin nan akwai wani irin bidiyo da ke yawo a wayoyin samarin Maradi. Daga TikTok yake faɗowa Facebook, daga nan ya shige zaurukan WhatsApp. Ba a ganin fuskar kowa a farkonsa, hannuwa biyu ne kawai da siririn buroshi, sai wata tankar yaƙi da ba ta fi akwatin ashana biyu ba. Mai hannuwan zai shafe ta da fenti ta fito fes, kamar yau aka sauke ta daga masana'anta. Kana cikin yaba aikin sai ka ga ya ɗauko soso yana ɗiga mata baƙi-baƙi a gefuna, ya tsiyaya mata wani ruwa mai kalar tsatsa, ya barbaɗe ƙafafunta da garin ƙasa. A ƙarshe a nuno ta bisa wani faffaɗan tebur mai tuddai da itatuwa, dattawa masu furfura sun kewaye shi, ana gwada tazara da tef irin na tela, ana jefa ɗan ludo.

A fadarmu ta unguwar Zariya an sha shayi uku kan wannan magana ba a rabu da matsaya ɗaya ba. Wani ya ce wasan yara ne da manya suka ƙwace. Wani ya ce caca ce aka yi wa ado. Wani ya kawo zancen gumaka. Wanda ya fi kowa ɗaga murya cewa ya yi, a ƙasar da ƴan bindiga suka hana mutanen karkara barci, wa ke da zuciyar yin wasa da yaƙi? Tambayar da ta fi ɗaure wa kowa kai kuwa ita ce: don me mutum zai ɓata kwanaki yana gyara abu, sannan ya ɓata shi da hannunsa?

Na samu damar ganin aikin ido da ido, don ɗan yayata da ke karatu a waje ya zo hutu da kwali ɗaya na irin waɗannan kaya, ya yi mako guda yana haɗawa a zaurena. Abin da na gani da abin da na sani na tarihin lamarin su zan shimfiɗa a nan.

Abubuwa uku ne aka haɗa wuri ɗaya

Na farko shi ne ƙaramin samfurin kansa, wanda masu Faransanci ke ce wa maket. Ba a haɗe yake zuwa ba. Guntayen roba ne manne a jikin wani firam, kai za ka yanke su ɗaya bayan ɗaya, ka goge bakin, ka liƙa da gam. Kamfanonin da suka yi suna a wannan sana'a akwai Tamiya ta Japan, Airfix ta Ingila, Heller ta Faransa, Italeri ta Italiya da Zvezda ta Rasha. Abin da ya raba maket da motar wasan yara shi ne awo. Idan ka ga an rubuta 1/72 a kwali, ma'anarsa kowane santimita ɗaya a jikin maket yana tsaye ne a madadin santimita 72 na tankar gaske. Tankar Sherman ta Amurka, mai tsawon kusan mita 6, tana dawowa kamar santimita 8 a wannan awo. A 1/100 ta koma 6, a 1/35 kuwa ta kai 17. Kowace ƙofa, kowane ƙusa, a inda yake a ta gaske nan za ka same shi.

Na biyu shi ne fenti da tsufarwa, wato a sa wa tankar launin da ta gaske ta sha, sannan a nuna wahalar da rana da ruwa da hanya da hannun soji suka ba ta.

Na uku shi ne wasan. Ana yin sa bisa tebur mai kamar santimita 180 a tsaye da 120 a kwance, an ƙawata shi da gidaje, fadamu da hanyoyi. Kowane ɓangare na da rundunarsa, ana yi bi da bi. Littafin doka ne ke faɗin nisan da kowace tanka za ta iya tafiya a juyi ɗaya, da ƙarfin igwarta, da kaurin sulkenta, wanda a gaba ya fi kauri, a gefe da baya ya fi rauni, kamar yadda yake a zahiri. Ɗan ludo kuma shi ke yanke ko harbi ya samu ko ya kuskure. A dara duk ƴaƴan ƙarfinsu ɗaya, basira ce kaɗai ke raba ƴan wasa. A nan kuwa kowane ɗa yana ɗauke da ƙarfi da raunin da tarihi ya ba shi. Akwai masu haɗawa su fente su ajiye a kabad ba su taɓa wasa ba, akwai kuma waɗanda wasan ne gabansu, fentin dole ce kawai.

Asalinsa a bariki yake

Wanda ya ce wasan yara ne bai san mafarinsa ba. A ƙasar Furushiya, wadda daga baya ta zama ƙashin bayan Jamus, wani mutum mai suna Reisswitz ya gabatar wa sarki da wani teburin yaƙi a 1812. Ɗansa, wanda hafsan soji ne, ya gyara dokokin ya fitar da su a 1824, aka shiga horar da hafsoshi da su bisa taswira. Sunan abin Kriegsspiel, wato wasan yaƙi. Da Furushiya ta ci Faransa a yaƙin 1870 zuwa 1871, sai rundunonin wasu ƙasashe suka ce su ma a koya musu. A 1913 marubucin Ingila H. G. Wells ya fitar da dokokin wasa da ƙananan sojojin dalma domin farar hula, daga nan abin ya fita daga bariki ya shiga gidaje. Wasannin tankoki da aka fi bugawa yau sababbi ne: Flames of War ya fito daga New Zealand a 2002 da awon 1/100, Bolt Action kuma daga Ingila a 2012 da awon 1/56.

Ita kanta tankar ba ta daɗe a duniya ba. Ranar 15 ga Satumba 1916 Ingila ta fara tura ta fagen fama a yankin Somme na Faransa. A ƙarshen shekarar nan ce Kawusan, jagoran Abzinawa, ya yi wa Faransawa ƙawanya a Agadas da mayaƙansa bisa raƙuma.

Launin tanka ba ganin dama ba ne

Nan ne mai fenti ke zama ɗalibin tarihi ko bai shirya ba. Ba za ka ɗauki launin da ya burge ka ka shafa ba, sai ka fara tambayar kanka: tankar wace ƙasa ce, a wace shekara, a wane fage?

Ɗauki Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu. A farkon yaƙin tankokinta toka-toka ne mai duhu. Da rundunar janar ɗinta Rommel ta sauka Tarabulus ta Libiya a Fabrairun 1941, da wannan launin ta zo, sai ga baƙar tanka a tsakiyar farin rairayi, ana hango ta tun daga nesa. Kafin fentin hamada ya wadata, sojoji kwaɓa laka suke yi su shafe motocinsu. Daga Fabrairun 1943 aka mayar da launin tushe ya zama rawaya mai duhu, aka riƙa raba wa rundunoni kore da ja-ja masu kauri a gwangwani, su tsinka da fetur, in babu su tsinka da ruwa, su zana ɓad-da-kama da kansu. Wani da injin feshi, wani da buroshi, wani da tsumma. Shi ya sa da wuya ka ga tankokin Jamus biyu na lokacin masu zane iri ɗaya. Amurka ta tsaya kan kore mai kalar zaitun. Tarayyar Sobiyet tana da nata koren, idan sanyi ya zo ƙanƙara ta rufe ƙasa sai a shafe tankoki da farar ƙasa, wadda ke wankewa a hankali, koren na leƙowa ta ƙarƙashi.

To, idan mutum ya jera tankar Jamus mai toka-toka a teburin yaƙin Kursk da aka yi a Rasha a Yulin 1943, masu sani za su ɗaga gira, kamar yadda Bamaraɗe zai yi in ya ga an zana Hawan Sallah an ɗora wa Sarki hular sanyi a madadin rawani.

Dattin da ake sawa da gangan

Tankar da ɗan yayata ya kawo T-34 ce ta Sobiyet, awon 1/72. Bayan ya haɗa ta ya wanke da ruwan sabulu don maiƙon hannu, ya shimfiɗa mata fentin share fage, ya bi da kore, sai na ce masa aiki ya yi kyau, a ajiye haka. Ya ce, “Kawu, ai yanzu ta yi kama da abin wasa. Bari ka gani.”

Ya tsinka fenti mai launin ƙasa-ƙasa har ya koma kamar ruwan shayi na uku. Da tsinin buroshi ya taɓa bakin wata ƙofa, sai na ga ruwan ya bi layin da kansa, ya zagaye ƙusoshi, ya kwanta cikin kowane lungu. Nan take abubuwan da ban lura da su ba suka fito, kamar yadda kwalli ke fito da ido. Da wannan ya bushe, ya tsoma wani buroshi a kore mai haske, ya goge shi a tsumma har ka rantse babu komai a jikinsa, ya riƙa shafa shi sama-sama. Gefuna da tudun jiki kaɗai suka kama hasken. Sai ya yago guntun soson tsohuwar katifa, ya ɗan taɓa baƙin fenti, ya daddanna a takarda har ya kusa ƙarewa, sannan ya ɗiɗɗiga a bakin ƙofar direba da inda takalmin soji ke taka wa in zai hau. Fentin ya yi kamar ya ɓamɓare. Haƙoran sarƙar ƙafa kuwa fensir ɗin lakwal ya goga musu, suka yi ƙyallin ƙarfen da ya sha gurza. A baya, ƙarƙashin bututun hayaƙi guda biyu, ya shafa baƙin gari, ya ce T-34 da gas take aiki, hayaƙinta baƙi ne mai maiƙo, ba kamar na Jamus masu shan fetur ba.

Mahaifiyata ta leƙo ta tarar yana barbaɗa garin ƙasa. Ta ce, “Kai ɗan nan, ka wanke abu tas ka dawo kana zuba masa ƙasa?” Ya ce, “Kaka, in kin ga mutum ya shigo da ƙafa fes, kin san daga ɗaki ya fito. In kin ga faso da ƙura, kin san ya sha hanya.” Ta yi shiru ta ƙara kallon abin.

Abin da ya faɗa mini a daren ne ya sa washegari na tsaya a tasha ina kallon manyan motoci kamar ban taɓa ganinsu ba. Ƙura ba ta hawa ko'ina daidai. Daga ƙasa take farawa da kauri, tana sirancewa in ta yi sama, ta taru a lungunan da iska ba ta kaiwa. Ƙarƙashin murfin tankin mai akwai baƙin layi da ya gangaro, ƙura ta manne masa. Mariƙin ƙofa ya goge har ƙarfe ya fito yana ƙyalli, ba tsatsa ko ɗigo, don hannu ba ya barinsa ya huta. Tsatsa tana can ƙarƙashin ƙusoshi da wurin walda, inda ruwan damina ke kwanciya. Rufin kan motar ya koɗe ya fi gefenta haske, aikin ranar Afrilu ke nan. Motar da ta fito ƙauye ta hanyar burji ja take dawowa, wadda ta keto rairayin arewa kuwa fari-fari. Kowane yaron mota a Maradi zai iya duban tirela ya gaya maka inda ta fito. Wannan karatun shi ne dai mai tsufar da maket ke yi, sai dai shi rubutawa yake da buroshi. Tankar da ta yi yaƙin Al-Alamain a Masar a 1942 da wadda ta kutsa taɓon Rasha da bazara ba za su yi datti iri ɗaya ba, kuma mai ido yana ganewa.

Akwai wani lissafi da sabon shiga ke mantawa. A awon 1/72, ƙwayar rairayi mai kaurin milimita ɗaya ta zama dutse mai santimita 7. Idan ka ɗebo yashin Gulbi ka zuba yadda yake, ka jibga wa tankarka duwatsu ne, ba ƙura ba. Dole a tankaɗe ƙasar da lallausan ƙyalle, ko a kankare allin zane mai launi ya zama gari. Ƙwararru na da wasu dabarun. Suna fesa man feshin gashi tsakanin fenti biyu, in na saman ya sha iska su jiƙa shi su kankare, ya ɓamɓare kamar farar ƙasar sanyin Rasha. Wasu gishiri suke barbaɗawa kafin feshi, su kakkaɓe daga baya.

Su ma masu abin ba bakinsu ɗaya ba

Akwai salon da ake dangantawa da ƙasar Sifen, wanda Mig Jimenez ya yi fice a kai, inda ake cika tanka da ɓamɓarewa, tsiyayar tsatsa da bambancin haske mai ƙarfi. Ba mamaki, don manyan kamfanonin fentin wannan sana'a, Vallejo da AK Interactive da Ammo, duk a can suke. Aikin na ɗaukar ido ƙwarai, kuma shi ne ya fi yawa a bidiyoyin da ke zuwa mana.

Masu suka na cewa an wuce gona da iri. Tankoki da yawa a yaƙin ba su yi tsawon ran da za su ruɓe haka ba, cikin makonni ko watanni ake rasa su. Soja kuma ba ya barin abin da ransa ya dogara a kai ya zama bola. Suna kawo misalin motar sulke M113 ta Amurka, wadda jikinta alminiyom ne, amma ka ga an yi mata jar tsatsa sharkaf, alhali alminiyom ba ya irin wannan tsatsar. Haka Sherman da yawa sarƙarsu na da tafin roba, ba inda ƙyallin ƙarfe zai fito.

Ni ina tare da masu cewa hoto ne alƙali. Ka nemo hoton tankar a fagen da kake so, abin da ka gani shi za ka sa. Sai dai mai wasa a tebur yana da uzuri ɗaya. Shi daga tsaye yake kallon rundunarsa, tazarar hannu guda ko fiye, kuma ƙaramin abu yana yin duhu a ido. Dole ya ɗan ƙara wa launinsa haske, ya ƙarfafa inuwa, in ba haka ba duk wahalarsa ta ɓace. Dole kuma ya rufe aikin da banish marar sheƙi, don tankar wasa kullum a hannu take.

Caca, sura da ɗan ludo

Wannan ɓangaren ba na wasa ba ne a garin malamai irin namu, kuma bai kamata a share shi da dariya ba. Magana uku ce, gara a rarrabe su.

Caca ita ce a sa kuɗi ko dukiya, wanda ya ci ya kwashe. A tsarin wannan wasa ba a sa komai, dokokinsa ba su tanadi haka ba. In wasu sun sa kuɗi, to sun mai da shi caca, kamar yadda ake mai da ƙwallo ko kokawa.

Maganar sura kuwa, malamai sun daɗe da bambanta mai rai da marar rai. A Bukhari da Muslim an ruwaito wani mai sana'ar zane ya je wa Ibn Abbas, ya ba shi shawarar in dai dole ne ya zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Tanka da mota da gida ba su da rai. Inda maganar ke tasowa shi ne ƙananan sojojin da ake jerawa tare da su, masu kai da fuska da gaɓoɓi. Ana iya buga wasan da tankoki zalla, a sa alamun katako ko kwali a madadin dakaru, kamar dai yadda hafsoshin Furushiya suka yi da ƴan tubala.

Ta uku ita ce ta fi nauyi, kuma masu son wasan sun fi son tsallake ta. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai hadisin da ya hana wasa da nardu, wasan da ake jefa ƙwaya mai ɗigo, kuma malamai da yawa sun ɗauki hanin ko da ba kuɗi a ciki. Wasu na ganin illar tana ga caca da shagala daga salla. Hukunci na malamai ne, kowa ya kai tambayarsa inda yake ɗaukar karatu, ya kuma bayyana yadda wasan yake dalla-dalla. Abin da zan ƙara na tarihi ne: tun 1876 wani hafsan Jamus, Verdy du Vernois, ya fito da salon da aka rage dogaro da ƙwaya da jadawali, aka bar wa alƙali masani ya duba yanayi ya yanke abin da zai faru. Ke nan wasan na iya tsayawa ba tare da ɗan ludo ba. Fenti da tsufarwa kuwa ba ruwansu da shi tun farko.

Wa ke da zuciyar wasa da yaƙi?

Abokina da ya yi wannan tambaya yana da dangi a yankin Madarunfa. Ya san abin da ake nufi da a kwana a daji don tsoro. Mutanen Gidan Runji sun karɓi ƴan gudun hijira daga Najeriya tun 2019. Wanda ya ga haka, in ya ce ba ya son ganin igwa ko ta roba ce, ba a ce masa bai waye ba.

Kuma gaskiya ne akwai masu wannan sha'awa da ƙarfe ya rufe wa ido. Suna yabon tankar Tiger ta Jamus, wadda ba a ƙera fiye da kusan 1,350 ba, su manta da gwamnatin da ta ƙera ta. Mu bai kamata mu manta ba. A watan Yunin 1940, a Chasselay kusa da birnin Liyon, sojojin Jamus sun ware baƙaƙen fata daga cikin fursunonin rundunar Faransa, suka kai su fili, suka buɗe musu wuta da bindigogin tankoki. Maƙabartarsu na nan har yau, an gina ta da jan gini irin na ƙasashenmu. Rundunar da ake kira Tirayar Senegal, wadda aka kafa tun 1857, sunan kawai ne na Senegal, daga duk ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa ke mulka ake ɗibar mata mutane, har da nan Nijar. Duk wanda zai ɗora wa tankar Jamus ta 1940 fenti a Maradi, ya san wa irinta ta taka.

Amma a nan ne kuma nake ganin amfanin abin. Teburan da muke gani a bidiyo kusan kullum Normandi ne da Rasha. Ina Kufra ta kudancin Libiya, wadda rundunar hafsan Faransa Leclerc ta taso daga Chadi ta karɓa ranar 1 ga Maris 1941, mafi yawan mayaƙanta baƙaƙe, bisa manyan motoci ba tanka ko ɗaya? Ina saukar sojoji a Provence, kudancin Faransa, ta 15 ga Agusta 1944, da ƴan Afirka suka cika? Ina ƴan uwanmu na ƙetaren iyaka da Ingila ta kai Boma? Sojojin Afirka da suka dawo Thiaroye, kusa da Dakar, suna neman haƙƙinsu rundunar Faransa ta harbe su ranar 1 ga Disamba 1944, su wa ke tuna su in ba mu ba? Kusa-kusa ma, a Janairun 1987 a garin Fada na arewacin Chadi, sojojin Chadi bisa Toyota ɗauke da makamai masu linzami na MILAN sun tarwatsa tankokin T-55 na Libiya, aka maimaita a Wadi Dum cikin Maris. Gawarwakin tankokin na nan cikin hamada, rana ta cinye launinsu, iska da yashi sun goge su. Ɗan lise da ya zauna ya haɗa wannan fage da hannunsa, ya auna tazara, ya ga dalilin da ya sa ƙaramar mota mai gudu ta fi ƙarfin tanka a buɗaɗɗen fili, ba zai manta darasin ba kamar yadda ake manta abin da aka haddace don jarrabawa. Zai kuma ga cewa cikin kowace tankar da aka kifar mutum huɗu ne.

Gargaɗi ɗaya wajibi ne a halin da ƙasa ke ciki. Kada sha'awar ganin yadda ƙura ke hawa sulke ta kai yaro ɗaukar hoton motocin soji ko bakin bariki, kada kuma ya zana taswirar wani wuri na gaske na yau. Tsofaffin hotunan tarihi sun cika intanet, tirelolin tasha kuma sun ishe shi makaranta.

Mai son gwadawa a Maradi

Ba kaya ne da za ka shiga babbar kasuwa ka tarar a tebur ba. Sai sautu, ga kuɗin sufuri, ga duwan, ga hanyar Kwatano da ta toshe a 2023. Ga mai neman na cefane, wannan nauyi ne da ba dole ba, kuma matashin da zai cinye jarinsa a kwalayen roba ya yi wa kansa. Lokaci ma yana ci ba kaɗan ba.

Yanayinmu na da nasa sharuɗɗa. Da bazara, in zafi ya haura digiri 40, fentin ruwa kan bushe a bakin buroshi kafin ya kai jikin tanka. Ɗan yayata da asuba yake aiki, yana kwaɓa fentinsa bisa takarda da ya shimfiɗa kan jiƙaƙƙen soso a faranti. Da hunturu kuwa hazo ne abokin gaba, ana gama shafi sai a kifa roba a kai. Fentin gwangwani na feshi da tinar masu fentin mota suna iya narkar da robar, a fara gwadawa a jikin firam ɗin da aka yanke. Kada a bar maket cikin mota ko dab da rufin kwano, lanƙwashewa take. A yi feshi a sarari, a daina lasar buroshi don a fiƙe tsininsa, a nisanta ƙananan guntaye daga masu rarrafe. Tsofaffin sojojin ƙarfe kuma wasunsu da dalma aka yi su.

Sai dai ba dole sai da kwalin Japan ba. Mu da muka tashi muna ƙera mota da gwangwanin tumatir da waya, muna yanka tsohon silifa mu yi taya, muna sassaƙa karan dawa, mun riga mun san rabin aikin. Abin da ya rage shi ne awo da lura. Hannun da ya iya waɗannan biyu yana da wurin zuwa: masu zanen gini na buƙatar mai haɗa musu maket ɗin gida, masu shirya fim na buƙatar mai tsufar musu da kaya, gidan tarihi zai so abin da zai ɗora a tebur yara su gani, ko mai fentin mota ya ƙaru da sanin yadda launi ke koɗewa.

Ran da ɗan yayata zai koma, ya bar wa yaron maƙwabtanmu buroshi biyu da ragowar fenti, don tun ranar farko yaron bai bar bakin zauren ba. Shekaranjiya na tarar da shi a ƙofar gida ya kifa motarsa ta gwangwanin sardin, yana tankaɗe jar ƙasa da tsohon ɗankwalin uwarsa. Ya riga ya ja baƙin layi ƙarƙashin murfin tanki, ya goga fensir a mariƙin ƙofa. Na ce, “Wace mota ce wannan?” Bai ɗago ba ya ce, “Baba, ta Dakoro ce. Ranar kasuwa, an yi ruwa da dare.”